Saita ƙararrawar LF da RF a ƙofar na'urar gwaji mai gudun 100G

Tambaya: Muna gwada wani swic, na'urar da ke rarraba bayanai a hanyar sadarwa, da na'urar gwaji mai ƙofofin 100G, wato masu gudun gigabit 100 a sakan. Mukan bar gwajin ya kwana yana gudana, da safe mu tarar wasu firem, wato guntayen bayanan da ake turawa, sun ɓace, alhali fitilar haɗin kore ce shar, rajistar swic ɗin ma ba ta nuna ƙofa ta faɗi ba. An ba mu shawarar kunna sa ido a kan LF da RF. Yaya ake saita shi har ya yi amfani?

Amsa: LF da RF alamu ne da ƙofa ke sanar da matsalar haɗi da su, LF matsalar kusa, RF matsalar nesa. Shawarar da aka ba ku daidai ce, sai dai kunnawa kawai ba za ta fisshe ku ba. Fitilar da kake gani da safe tana faɗa maka halin da haɗin yake ciki a lokacin da ka duba ne, ba ta san abin da ya faru da ƙarfe uku na dare ba. Abin da kake bukata shi ne ƙofar ta riƙe tarihin matsala, ta ƙirga ta, ta buga mata lokaci. Bayan wannan akwai wata shawara da mutane da yawa ba su ma san sun yanke ta ba: shin ƙofar na'urar gwajin za ta mayar da martani idan ta ga matsala, ko kallo kawai za ta yi? Sunayen maɓallan sun bambanta tsakanin na'urorin gwaji na Keysight da Spirent da Viavi da EXFO da Xena, amma abin da ke ƙarƙashinsu ɗaya ne, domin duk ƙa'idar Ethernet ta IEEE 802.3 suke bi.

Wannan tsari na sanar da matsala ya shigo ne da Ethernet mai gudun 10G a 2002, a sashe na 46 na ƙa'idar. Da 40G da 100G suka zo a 2010 aka maimaita shi a sashe na 81, haka kuma ya bi 200G da 400G a 2017 ba tare da wani babban sauyi ba. Mai kula da shi wani ɗan mataki ne da ake kira RS, wanda ke zaune tsakanin MAC, mai shirya firem, da PCS, mai juya su zuwa tubalan bit 66 da ke bin waya. Idan ɓangaren karɓa ya kasa fahimtar abin da ke shigo masa, ko don haske ya ɗauke ko don jerin tubalan ya warware, sai PCS ya riƙa tura wa RS wani tambari na musamman: bayit 9C, sai 00, sai 00, sai 01. Wannan shi ne LF, matsalar kusa. Da RS ya tabbatar da shi, sai ya daina aika firem, ya koma aika wa ɗaya gefen irin wannan tambarin amma mai ƙarewa da 02. Shi ne RF, matsalar nesa. Wanda ya karɓi RF shi ma yakan dakatar da firem ɗinsa, amma ba ya mayar da RF. Alamun jira kawai yake aikawa, domin abokin nasa ya sami abin da zai sake kamawa idan hanya ta gyaru. Da zai amsa RF da RF, da su biyun sun maƙale, kowa yana jiran ɗan'uwansa ya fara yin shiru.

Daga nan karatun ƙararrawar yake fitowa. Idan na'urar gwajinka ta nuna LF, matsalar tana kan hanyar da ke shigowa gare ka. Idan ta nuna RF, abin da ke shigo maka lafiya lau yake, tunda har ka iya karanta saƙon; swic ɗin ne ke cewa ba ya jin abin da kake aika masa. Sau da yawa za ka ga mutum ya ga RF ya hau goge zaren faiba na karɓa, alhali zaren aikawa ne ke da datti.

Yanzu dubi saurin abin. RS yana ayyana matsala ne idan ya ga tambari iri ɗaya sau 4, kowanne bai yi nisan jeri 128 da na gabansa ba, kuma yana janye ta idan jeri 128 suka wuce babu tambari. A 10G jeri ɗaya bayit 4 ne, wato nanosakan 3.2, don haka jeri 128 bai wuce nanosakan 410 ba. A 100G ya fi haka gajarta. Manhajar da ke nuna maka fitila a allo kuwa galibi sau ɗaya take sabunta bayani a sakan guda. Kamar mai gadi ne da ke leƙo ƙofa sau ɗaya a awa: ɓarawo ya shiga ya fita, shi kuma ya rantse maka ƙofa a rufe ta kwana, kuma bai yi ƙarya ba. Swic ɗin ma yana iya yin shiru saboda wani dalili nasa. Yawancin swic da rauta suna da ɗan lokacin jinkiri da ake saitawa kafin su ayyana ƙofa ta faɗi, don kada ƙyaftawar ido ta tayar da lissafin hanyoyi gaba ɗaya. Matsalar da ta zo ta wuce cikin wannan jinkirin ba za ta shiga rajista ba, amma firem ɗin da ta ci ta ci su.

Saboda haka abu na farko a saiti shi ne ka nemi tarihin ƙararrawa, ka bar kallon halin yanzu. Na'urori da yawa suna da fitila biyu ga kowace ƙararrawa, ɗaya ta yanzu, ɗaya ta tarihi wadda idan ta yi ja ba ta komawa kore sai ka share ta da hannunka. Kunna wannan ga LF da RF daban-daban, kada ka haɗe su cikin ƙararrawa ɗaya mai cewa haɗi ya faɗi, domin haɗe su yana zubar da bayanin da ya fi kowanne daraja, wato ta wane gefe abin ya fara. Ka yi shi ga kowace ƙofa. Idan ka raba keji ɗaya na 100G, wato ramin da ake soka modul ɗin faiba, zuwa ƙofofi 4 masu 25G, kowace tana da RS nata, saboda haka a ƙofofin huɗu duka za ka kunna ƙararrawar. Ka kuma sake duba saitin duk lokacin da ka sauya gudun ƙofa, domin a wasu na'urori sauya gudu yana mayar da komai yadda ya fito daga kamfani. Sai ka jira haɗi ya tashi ya zauna, ka share tarihi da duk ƙididdiga, sannan ka fara tura firem. In ba haka ba, LF ɗin da aka samu lokacin da kake soka faiba zai kwana a allo, da safe ka ɗauka na dare ne.

Sannan ka karanta littafin na'urar ka ga me take ƙirgawa. Wata tana ƙirga sau nawa matsala ta fara. Wata tana ƙirga sakan nawa aka ga matsala a cikinsu, irin lissafin da aka gada daga na'urorin SDH, tsohon tsarin sadarwar faiba, inda matsalar mikrosakan 2 da ta milisakan 900 duk sakan ɗaya ake rubuta musu. Wata kuma tambarin kansa take ƙirgawa, sai ka ga miliyoyi a allo ka firgita, alhali yankewa ɗaya ce gajera. Ni na fi amincewa da rajistar da ke rubuta lokacin farawa da lokacin ƙarewar kowace matsala, idan na'urar tana da ita. Wannan rajista ba ta da amfani sosai sai agogon na'urar gwajin da na swic ɗin suna shan lokaci daga tushe ɗaya, ko ta NTP ko ta PTP, hanyoyin daidaita agogon na'urori, domin a ƙarshe tambayar da za a yi ita ce wa ya riga wani.

LF shi kaɗai ba ya faɗin dalili, don haka kunna 'yan'uwansa tare da shi: ɗaukewar haske, kuɓucewar kamun tubali, kuɓucewar alamun jerawa, ƙararrawar yawan kuskure, da ƙunshin bayanan da suka gagari gyaran FEC, wato tsarin gyara kuskuren da ya auku a kan hanya. A 100G bayanai suna rarrabuwa ne a kan layukan PCS guda 20, kuma kowane layi yana ɗauke da alamar jerawa bayan kowane tubali 16,383, kusan duk mikrosakan 210. Layi ɗaya ya kuɓuce, ƙofar gaba ɗaya ta shiga LF, kuma sai an sake ganin alamun kafin a dawo. Shi ya sa tangarɗar da ba ta kai ƙyaftawa ba take haifar da yankewar da ta fi ta tsawo nesa ba kusa ba. Ƙararrawar yawan kuskure a 100G tana tashi idan an sami kan tubali, wato bit biyun farko na tubali, guda 97 marasa kyau cikin mikrosakan 500, ita ma tana jefa ƙofa cikin LF ko da hasken bai motsa ba. Ka lura cewa wasu na'urori suna ɓoye ƙananan ƙararrawa idan babba ta tashi, misali ɗaukewar haske ta rufe LF. Idan akwai zaɓin nuna duka, zaɓe shi.

Akwai wani hali da ke rikita mutane. Za ka ga LF tsaye, amma ƙarfin haske daidai, layuka 20 duk a kame, babu kuskure ko ɗaya. A nan ba PCS ɗinka ne ya ƙirƙiri LF ɗin ba, ta cikin faiba ya iso maka a shirye. Yakan faru idan akwai wata na'ura a tsakani, kamar taransfonda ta OTN, mai ɗaukar siginar zuwa nesa: idan ta rasa sigina daga can nesa, sai ta ci gaba da haska maka lesa lafiya lau amma ta cika layin da LF. A irin wannan, goge faibar da ke gabanka ɓata lokaci ne. Matsalar tana bayan na'urar tsakiyar, kuma ita za ka tambaya.

To, sai maganar martani, wadda a ganina ita ce ta fi shafar sakamakon gwajinku. Ƙofar na'urar gwaji tana iya yin abin da ƙa'ida ta ce, wato ta daina aika firem idan ta ga LF ko RF, ko kuma a saita ta ta yi kunnen uwar shegu ta ci gaba da aikawa. Kowanne yana da farashinsa. Idan ta bi ƙa'ida, firem ɗin da ba ta aika ba lokacin matsala ba sa shiga lissafin waɗanda suka ɓace, tunda lissafin ɓata shi ne abin da aka aika a cire abin da aka karɓa. Yankewar da ta ɗauki rabin sakan tana iya bayyana a matsayin 'yan firem kaɗan da suke kan hanya lokacin da abin ya auku. Mutane sukan raba adadin da ya ɓace da gudun aikawa su sami tsawon yankewa. A 100G cike da layi, firem masu bayit 64 suna tafiya kusan miliyan 148.8 a sakan, masu bayit 1518 kuma kusan miliyan 8.13. A ce ka rasa firem 40,000 daga cikin manyan, lissafi zai ba ka kimanin milisakan 5. Wannan lissafi gaskiya ne kawai idan mai aikawa bai tsaya ba ko kaɗan. Idan ya tsaya, milisakan 5 ɗin ƙasan gaskiya ne, kuma ba ka san da nawa ba. Mafita ita ce ka auna tazara mafi tsawo tsakanin firem biyu a wajen karɓa, ko ka dogara da lokutan da rajistar ƙararrawa ta rubuta. Ka kuma duba ko na'urar tana ci gaba da tura firem da kanta bayan haɗi ya dawo. Wadda ba ta yi, gwajin dare ya mutu tun faɗuwar farko, sauran awannin zaman banza ne.

Idan kuma ka kashe martanin, ka sani cewa a wasu na'urori ba aika firem kawai ka ƙyale ba, har aika RF ka hana. Ke nan idan zaren da ke shigo maka ya yanke, swic ɗin ba zai taɓa sani ba. Ƙofarsa za ta zauna a tsaye yana zuba firem cikin rami. Idan ƙofar tana cikin rukunin ƙofofin da aka haɗe suna aiki kamar ɗaya, sai LACP, tsarin da ke kula da rukunin, ya gaji da jira kafin a cire ta, sakan 3 a saitin gaggawa, sakan 90 a na a hankali. Sai ka rubuta rahoto cewa swic ɗin yana da nawar sauya hanya, alhali kai ne ka toshe bakin da zai gaya masa. Don haka idan kana gwada yadda swic ke sauya hanya, bar martani a kunne, na'urar gwajin ta yi halin abokin haɗi na gaske. Idan kuwa kana auna ingancin faiba ko na modul, ko kana tura firem ta gefe ɗaya kawai da gangan, kashe shi yana da ma'ana. Ga gwajinku na kwana, ni zan bar shi a kunne, in tabbatar firem suna ci gaba da kansu bayan matsala, in hana ƙararrawa tsayar da gwajin. Inda ya kamata ƙararrawa ta soke zagaye shi ne gwajin neman iyakar gudu irin na RFC 2544, domin faɗuwar haɗi a tsakiyar zagaye za ta sa lissafin ya ɗauka swic ɗin ne ya gaza ɗaukar nauyin, ya sauke gudu ba gaira ba dalili. Ko wanne ka zaɓa, rubuta shi a cikin rahoto.

Kada ka yarda da ƙararrawar da ba ka taɓa ganin ta tashi ba. Kafin ka tafi gida, jawo matsala da hannunka. Idan modul ɗinku mai zare biyu ne, kamar LR4 ko CWDM4, zare wanda ke shigo wa na'urar gwajin: ya kamata ka ga ɗaukewar haske da LF a wajenka, swic ya ga RF. Mayar da shi, share tarihi, zare na aikawa: yanzu kai ne za ka ga RF, haskenka kuma bai motsa ba. Idan SR4 ne mai kan MPO, wanda ke haɗe zaruruwa da yawa a kai ɗaya, ba a iya zare guda ɗaya, sai ka kashe lesa daga manhaja, har ma layi ɗaya tak idan na'urar ta yarda. Kada ka leƙa bakin faiba da ido, hasken ba a ganinsa, kuma ka goge kan kafin ka mayar, don kada gwajin ƙararrawa ya zama shi ne silar matsalar daren.

Bayan wannan sai ka yi amfani da allurar ƙararrawa da yawancin na'urorin gwaji suke da ita. Tura LF ba ƙaƙƙautawa, swic mai bin ƙa'ida zai amsa maka da RF. Tura RF, ya kamata ya daina firem ya koma alamun jira, ba tare da ya mayar maka da RF ba. Mafi amfani gare ku shi ne turawa ta ɗan lokaci: milisakan 1, sai 10, sai 100, kana ƙarawa kana duba inda rajistar swic ɗin ta fara magana. Nan za ka gano faɗin makantar da yake da ita, kuma idan har a milisakan 10 ya yi shiru alhali firem sun ɓace, ka sake haifar da abin da ke damun ku da rana tsaka. Kada ka yi wannan gwaji da ƙofar da aka juya faibarta ta dawo kanta, domin za ta riƙa jin muryarta ne tana amsa wa kanta.

Idan kuna da sikirif da ke tattara bayanai, akwai wani tarko. Tutocin ƙararrawa da ke cikin modul ɗin kansa, waɗanda ƙa'idar SFF-8636 ta tsara wa modul na QSFP28, ƙa'idar CMIS kuma ta tsara wa na QSFP-DD da OSFP, suna riƙe abin da ya faru ne har sai an karanta su, kuma karantawar ce ke share su. Idan manhajar allo da sikirif ɗinka duk suna karanta wuri ɗaya, wanda ya riga ya ɗauke labarin, na biyu ya tarar da sifili. Mai karatu ɗaya ya isa, sauran su karɓa daga wurinsa.

Yana iya yiwuwa bayan duk wannan ka tashi da safe ka ga firem sun ɓace amma LF da RF duk sifili. Wannan ma amsa ce, kuma tana tura ka wajen FEC. Nau'in RS(528,514) da SR4 da CWDM4 suke amfani da shi yana gyara simbol 7, wato ƙananan rukunan bit, a kowane ƙunshi, RS(544,514) na ƙofofi masu salon sigina na PAM4 kuma yana gyara 15. Ƙunshi ɗaya da ya wuce wannan iyaka yana lalata firem ɗin da ke cikinsa ba tare da haɗi ya girgiza ba. Sai guda 3 sun zo a jere kafin a saki kamu a shiga LF. Saboda haka ka sa ido a kan adadin ƙunshin da suka gagari gyara, da jadawalin da ke nuna simbol nawa ake gyarawa a kowane ƙunshi. Haɗin da yawancin ƙunshinsa ke bukatar gyaran simbol ɗaya ko biyu yana da sarari. Wanda wasu ƙunshinsa suka fara taɓa 6 da 7 a kan iyakar 7 yana bakin rami ne, ko da fitila kore ce, kuma ɗan sauyin zafi a ɗakin na'urori ya isa ya tura shi. Rubuta ƙarfin hasken kowane layi da zafin modul duk minti ɗaya, ka jera su da lokutan da firem suka ɓace. Ka kuma tabbatar FEC ɗin gefen biyu iri ɗaya ne: LR4 na 100G ba ya bukatarsa, SR4 yana bukata, kuma idan gefe ɗaya ya kunna ɗaya ya kashe, LF ne zai tsaya cak ko da haske ya cika. Idan FEC ma tsaf yake, babu ƙunshin da ya gagara, to ƙofofin sun fita daga zargi, sai ka koma cikin swic ɗin ka duba ƙididdigar firem ɗin da ya zubar da kansa saboda cikar ma'ajiyarsa, da abin da manhajarsa take yi a daidai wannan lokaci na dare.